Ga Fili Ga Mai Doki

Akwai wata magana da 'yan fim ɗinmu suka riƙe kamar laya, duk inda aka matsa su ita suke zarowa: “Malam, ai ba mu da kayan aiki.” Ka rubuta sharhi ka ce hoton fim kaza ya yi duhu, kafin mujalla ta kwana biyu a kasuwa furodusa ya bugo maka waya, ya ce ba kayan aiki. Ka ce sautin kamar a cikin rijiya aka ɗauke shi, darakta ya tare ka a wajen biki, ya ce ba kayan aiki. Ka ce labarin ba kai ba gindi, nan ma amsar ɗaya ce, sai ka ce kyamara ce ke rubuta labari. Wani har ya ƙara maka da cewa da za a ba shi irin na'urorin da Indiyawa suka yi Baahubali da su, da tuni duniya ta san da zamansa.

A gaskiya an yi lokacin da wannan magana take kan hanya. A 1990, sa'ad da ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, a kan kaset ɗin bidiyo ake komai. Tsofaffin editoci suna ba mu labarin yadda ake jera bidiyo biyu, ɗaya na nunawa ɗaya na naɗa, in hannunka ya yi lattin danna maɓalli sai ka koma baya ka sake. Duk kwafin da aka yi daga wani kwafin kuma sai hoton ya ƙara dusashewa, kafin ya iso hannun ɗan kallo fuskar jaruma ta zama kamar an shafa mata kunu. Wanda ya yi fim a wannan hali ya ce ba kayan aiki, ba wanda zai ja da shi.

To amma Bahaushe ya ce inda ba ƙasa nan ake gardamar kokawa. A makon jiya ƙasa ta samu, kuma a cikin gidanmu ta samu, a nan Kakuri, tsallaken Kogin Kaduna. Wata sabuwar kwamfuta ce ta iso, irin manyan nan na kan tebur da aka ƙera musamman don masu buga gem. Kwana bakwai na yi ina zaune kusa da ita, ina lura da abin da take iyawa da wanda ya fi ƙarfinta. Na ga ya dace in ba mai karatu labari tun abin yana da zafinsa, domin ya shafi duk wanda ke sayen data ya kalli fim ɗin Hausa.

Kada wani ya fara lissafa min kuɗi, ba tawa ba ce. Mai sharhin fim da difloma ɗaya ta Kadpoly a aljihu, ina shi ina wannan? Ta yayana ce. Shi mai ɗaukar bidiyon biki ne, shekara takwas yana wannan sana'a tsakanin Barnawa, Narayi, Television da Sabon Tasha. Asabar ka gan shi a coci yana ɗaukar auren Bajju ko Gbagyi, Lahadi yana wajen kamu ko wuni a Makera. A 'yan shekarun nan kuma ya fara karɓar aikin editin na finafinai masu dogon zango da ake sakawa a YouTube. Da wata tsohuwar laftof yake komai, wadda in ta ɗau zafi sai an ɗora ta a kan bulo biyu an juyo mata da fanka. Bara manyan ayyuka biyu suka kuɓuce masa saboda ba ta iya jan hoton 4K. Sai ya rufe ido ya sayar da filinsa da ke wajen Kudenda, filin da ya shekara huɗu yana biya da kaɗan-kaɗan, wanda kowa ya san ɗakin amarya za a gina a kai.

Umma ba ta kiran sunan Yaya, ɗan fari ne, don haka ta bakina saƙonta yake bi. Da ta ji daga ƙanwarmu cewa a jikin rasit an rubuta na'urar ta gem ce, sai ta aika aka kira ni. Ta ce, “Zo nan. Ashe abin wasan yara yayanka ya sayar da ƙasa ya saya? Ka gaya masa ƙasa ba ta ruɓewa, ɓarawo ba ya ɗaukar ta a ka. In mutanen Rigasa suka tambaye mu ina ɗakin 'yarsu, sai mu nuna musu akwati?” Na isar da saƙo. Yaya bai ce uffan ba, amma daren nan na ji shi yana juyi har asuba.

A kasuwar kwamfuta ta Ikeja a Legas aka harhaɗa ta, aka sako ta a motar dare zuwa tashar Television. Mu biyu muka ɗauko ta a Keke. Yaya ya rungume kwalin a cinya kamar mai jego, duk ramin da muka faɗa sai ya ce, “Don girman Allah, malam, a hankali!” Da muka yage kwali a ɗaki, sai ga wani baƙin akwati mai nauyi, ya kusa rabin buhun siminti, gefe ɗaya gilashi ne zalla, kana hango kayan cikinta. Ƙamshin sabon abu ya cika ɗakin. Yaya ya yi bisimilla ya danna maɓalli, fitilu suka kama, ja da kore da shuɗi suna zagaye fankoki kamar ƙofar ɗakin taron biki. Ba ƙara, sai wani siririn huci. Kafin in gyara zama ta gama tashi tana jiran umarni. Yaran unguwa sun yi cincirindo a taga, wani ƙarami a cikinsu ya ce, “Yaya, kifi za a zuba a ciki?”

Baba ne ya shigo a ƙarshe. Shi mutumin inji ne, kamar yawancin dattawan Kakuri. Wanda bai san unguwar nan ba ya sani, nan ce cibiyar masana'antun Arewa a da. A 1957 masaƙar KTL ta fara aiki, wasu masaƙun irin su Arewa Textiles da UNTL suka biyo baya, a 1975 kuma kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a nan. Da jiniyar canjin aiki mutane suke gane lokaci, har zuwa shekarun 2000 da masaƙun suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Baba ya yi shekara ashirin da ɗoriya a gaban injin saƙa a ɗaya daga cikinsu. Ya zagaya akwatin, ya ɗora tafin hannu a samansa ya ji ɗumin iskar da ke fita, ya kara kunne. Sannan ya ce, “Ba ya gurnani, wannan alama ce mai kyau. To amma me yake saƙawa? Mu a zamaninmu in an kawo sabon inji ba a kallon fentinsa, ana ƙirga yadin da ya fitar ne kafin a tashi aiki.” Yaya ya sunkuyar da kai ya ce, “Baba, fim yake haɗawa.” Baba ya ce, “To, Allah ya sa albarka. An ce da kare ana biki a gidansu, ya ce mu gani a ƙasa.”

Bari in ɗan buɗe wa mai karatu cikinta, don a gane abin da ya haɗa gem da fim. Kowace kwamfuta tana da ƙwaƙwalwa, wadda ake ce wa furosesa. Ta wannan ƙirar kamfanin AMD ce, Ryzen 9 mai sassa 16, kamar a ce ƙwararrun ma'aikata goma sha shida, kowa ya iya lissafi mai wuya. Tana da gigabait 64 na wurin baje aiki, da rumbun ajiya terabait 2. Amma abin da ya cinye kuɗin shi ne katin sarrafa hoto, GeForce RTX 5080 na kamfanin Nvidia na Amurka, wanda aka fitar a Janairun 2025 a kan dala 999. Wannan kuɗin katin ne shi kaɗai, kafin ya hau jirgi, kafin kwastan, kafin ribar ɗan kasuwa. A cikin katin akwai ƙananan ma'aikata 10,752. Kowanensu ɗan ƙaramin lissafi kawai ya iya, amma tare suke yin sa a lokaci guda. Aikin gayya ke nan. Gonar da mutum 16 za su kwana uku suna nomewa, in gari ya fito da fartanya kafin azahar an tashi.

Hoto kuwa gona ce mai faɗi. Hoton 4K ɗigo 3,840 ne a kwance, 2,160 a tsaye, jimla sama da ɗigo miliyan 8, kuma kowane ɗigo sai an lissafa kalarsa da haskensa. Fim yana nuna hoto 24 ko 25 a daƙiƙa ɗaya. Mai buga gem shi 60 yake nema, wasu har 144, kuma nan take yake so, don in ya juya kai a cikin wasan dole duniyar ta juya tare da shi. Wannan zalama ta 'yan gem ita ta tilasta wa kamfanoni ƙera irin wannan kati. Da masu fim suka duba sai suka ga ai aikin ɗaya ne: gyaran kala, goge datti, haɗa hoton da aka zana da wanda aka ɗauka, duk lissafin ɗigo ne. A 1995 sai da aka tara kwamfutoci sama da 100 kafin a fitar da Toy Story. A 2019 kuwa masu shirin The Mandalorian da manhajar gem mai suna Unreal Engine suka zana hamada da sararin samaniyar da 'yan wasa ke tsaye a gabansu. Na gwada yi wa Umma wannan bayani, ta saurara tsaf, ta ce, “Duk dai wasa ne.”

Daren farko gem muka buga, ba zan ɓoye ba. Doki sabo ai sai an yi sukuwa. Mun fara da Red Dead Redemption 2, wasan kaboyi da ya fito a 2018. Ni da na taso ina kallon hawan sallah, dawakin na zuba wa ido. Dokin yana gumi, taɓo yana manne masa a ƙafa, in ka bar shi da datti sai ka goge shi, in ya gaji sai ka ba shi abinci. Ƙarar kofatonsa a kan gadar katako daban, a kan tsakuwa daban, a cikin laka daban. Muka koma Cyberpunk 2077 na 2020, inda katin ke bin diddigin haske: daga fitila ya faɗo kan jiƙaƙƙen titi, daga titi ya koma kan fuskar mutum, da kalar da ya kwaso a hanya. Ba inuwar da ba ta da uwa. Muka leƙa Assassin's Creed Mirage na 2023, wanda ya gina Bagadaza ta zamanin Abbasiyawa da kasuwanninta da masallatanta, har kana iya sa mutanen su yi magana da Larabci. Wanda ya fi taɓa ni shi ne Ghost of Tsushima, labarin mayaƙan Japan. A cikinsa akwai wani tsari da suka sa wa sunan Akira Kurosawa, daraktan Seven Samurai na 1954. In ka kunna shi sai wasan ya koma baƙi da fari, iska na kaɗa ciyawa, kamar tsohon fim ɗin sinima.

Kai jama'a! Masu yin gem suna zama su yi nazarin daraktan da ya yi zamani shekara saba'in da suka wuce, mu masu yin fim wasunmu ko na bara ba sa komawa su kalla. Abin da na tashi da shi daren nan ke nan. Kati ne ya zana ƙurar kofato, amma mutum ne ya tsaya ya kalli doki har ya gane ƙurar tana tashi, ya kuma ga ya kamata a sa ta.

Kashegari aka shiga aiki. Yaya yana da kashi ɗaya na wani fim mai dogon zango, minti arba'in, wanda ya gama yankawa. Bayan yanka akwai abin da editoci ke kira rendarin, wato lokacin da kwamfuta ke dafa aikin gaba ɗaya ta fitar da shi a matsayin fim guda. A tsohuwar laftof ɗin, bayan isha'i yake ɗora tukunyar, ya kwanta yana addu'ar kada a ɗauke wuta, da asuba ya duba. Wannan karon ya danna, ya ce min, “Je ka karɓo mana shayi wajen mai shayi.” Wallahi kafin in dawo da kofuna ta gama. Minti goma sha biyu. Yaya ya zauna ya yi shiru yana kallon allon, sannan ya ce, “Ka san dare nawa na yi asara a rayuwata?” Gyaran kala da a da sai ya jira hoto ya motsa kamar mai ciwon ƙafa, yanzu yana murɗa maɓalli yana ganin sakamako a take. Wata amarya da aka ɗauka a ƙarƙashin koren kanofi, fuskarta ta koma kamar ganyen alayyafo, cikin minti biyar ya dawo mata da kalar da Allah ya ba ta. Nan kam, gani ya kori ji.

A rana ta uku ne na ga ɗaya fuskar tata, wadda ta sa na ɗauki biro. Wannan na'ura ba ta da sirri, ba ta kuma rufa wa kowa asiri. Na ɗauko tsofaffin sidina na finafinan farkon shekarun 2000, zamanin su Sangaya na Sarauniya da Wasila na Yakubu Lere, wanda aka yi a nan Kaduna. Hoton sidin bidiyo ɗigo 352 ne a kwance, 288 a tsaye, wato 4K ya ninka shi kusan sau 82. A babban allo hoton ya farfashe, fuskoki sun zama kamar an jera bulo. Amma minti goma da farawa ƙanwarmu ta bar wanke-wanke ta zo ta zauna, Umma ma ta leƙo ta tsaya a bakin ƙofa har aka yi waƙa. Labarin ya riƙe su.

Sai muka saka wani sabon aiki da aka kawo wa Yaya, wanda aka ɗauka da kyamara mai tsada. Ba zan kama suna ba. Fim ne na zamanin da, sarki da fadawa da mayaƙa. Hoton tas, kana iya ƙirga zaren rawani. To da wannan tsabtar hoto muka ga gam ɗin da aka manna wa waziri gemu yana ƙyalli. Muka ga inuwar sandar makirfo a jikin bangon fada. Muka ga ledar ruwa a bayan dogari, da shatin agogo a hannun sarkin yaƙi. A zamanin kaset duhu da dusashewa suna haɗiye irin wannan ganganci, yau kuwa kowa yana gani, har mai kallo a waya yana iya tsayar da hoto ya ja shi da yatsa biyu ya yaɗa a Facebook.

Furodusan ya ce wa Yaya, “Ai na ji ka yi sabon inji, a gyara a editin.” Wannan kalma ta “a gyara a editin” ita ce za ta maye gurbin “ba kayan aiki”, ku rubuta ku ajiye. Wasu abubuwan suna gyaruwa. Ledar ruwa an goge ta, duk da ta ci wa Yaya rabin yini. Amma akwai wurin da aka zaunar da gimbiya a gaban taga da tsakar rana ba tare da an haska fuskarta ba, tagar ta ƙone fari fat. Abin da kyamara ba ta kama ba, babu shi, kuma ma'aikata 10,752 ba za su haƙo shi ba. Akwai wurin da iska ta cinye maganar jarumi. Manhaja ta rage hucin iskar, ta bar murya kamar ta mai mura a cikin tulu. Uwa uba, akwai fitowa ta minti bakwai da mutum biyu suka zauna suna maimaita abin da ɗan kallo ya riga ya gani da idonsa. Wannan kuma ba a ƙera katin da zai gyara shi ba.

Kada in zalunci 'yan fim, na'urar ta nuna min wani uzuri nasu da yake na gaskiya, kuma shi ne wuta. Katin hoton kaɗai in an matsa masa wat 360 yake ja, furosesa 170, in ka haɗa da allo da sauran tarkace an doshi wat 600. Aikin awa goma a haka yunit 6 ke nan. A Afrilun 2024 an kai kuɗin yunit ɗaya naira 225 ga 'yan rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana. In ka lissafa da wannan farashi, naira 1,350 ne a yini, sama da 40,000 a wata, fiye da rabin mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024. Wannan in akwai wutar ke nan. In babu, ɗan ƙaramin janaretan nan na shagon aski ba zai ja ta ba, kuma kowa ya san inda fetur ya kai tun da aka cire tallafi a Mayun 2023. A kwana bakwai ɗin nan sau tara aka ɗauke mana wuta ana tsakiyar aiki. Batirin tsaro da Yaya ya saya minti kaɗan yake ba shi, iyakar ya adana aiki ya kashe. Yanzu maganar sola da inbata ake, kuma ragowar kuɗin fili bai kai ba.

Ga zafi. Duk wutar da ta sha zafi take mayarwa a ɗaki, in ta yi awa uku tana aiki sai ka ce an kunna risho a gefenka. Ina tunanin yadda za a ƙare a watan Maris da Afrilu. Ga ƙura. Fankokin da ke sanyaya ta iskar ɗaki suke zuƙa, kuma a kwana bakwai kacal rariyar gabanta ta fara yin ja. In hunturu ya kankama sai an riƙa share ta kamar jaririya. Wanda ya ƙera ta bai yi ta don ɗakin da tagarsa ke kallon titin Kakuri ba. Kowa ya sayi rariya dai ya san za ta zubar da ruwa.

Akwai kuma wata barazana da ta fi ƙura. Tun da kasuwar sidi ta mutu a shekarun 2010, finafinai masu dogon zango suka karɓi fage, musamman bayan Labarina da Izzar So sun fito a 2020 sun nuna akwai kasuwa. Yanzu kowa so yake ya saki kashi ɗaya duk mako. A da jinkirin kwamfuta kan tilasta wa furodusa haƙuri. In ya ji yanzu minti goma sha biyu ne, zai ɗauka Litinin, ya kawo Talata, ya ce Laraba yake so. Darukan da na'urar ta ceto wa edita, in ba a mayar da su kan sauti da kala da sake duba yanka ba, camama za a ninka da su. Maƙwabcinmu ma ya kawo tasa shawarar: a sa benci biyu a mayar da ɗakin gidan gem, yara su riƙa biya suna buga ƙwallo, kuɗi kullum a hannu. Yaya ya ƙi. Amma na ga ya yi jim kafin ya ƙi.

Wanda ke ganin na cika buri, ya dubi ƙasar Latbiya, wadda mutanenta ba su kai miliyan 2 ba. A 2024 wani matashin darakta, Gints Zilbalodis, ya fitar da katun mai suna Flow, labarin wata mage da ambaliya ta raba da gida. Ba kalma ko ɗaya a cikinsa, sai kukan dabbobi. Da manhajar Blender aka yi shi, wadda kyauta ce, kowa yana iya saukewa. A Maris ɗin 2025 ya lashe kyautar Oscar, ya kayar da Inside Out 2 na kamfanin Pixar. Ya dubi Godzilla Minus One na Japan, 2023, wanda mutum 35 kacal suka yi masa siddabarun hoto, su ma suka ɗauki Oscar a 2024. Mu ma ba a bar mu a baya can ba: a 2024 fim ɗin Hausa ne, Mai Martaba na Prince Daniel Aboki, Nijeriya ta zaɓa ya wakilce ta a gasar. Ita ma DaVinci Resolve, manhajar gyaran kalar da manyan finafinan duniya ke amfani da ita, tana da ta kyauta, kuma da ita Yaya yake aiki.

Nan ne nake so masu karatun littafi su matso kusa. Mun daɗe muna cewa akwai labaran da ba za su yiwu a fim ba. Gandoki na Bello Kagara tun 1934 yake jira, da aljanunsa da tafiye-tafiyensa. Ga Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa. Ga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda tun 1969 ya kai yaron Hausa sararin samaniya. Ga littattafan yaƙi na su Abdul'aziz Sani Madakin Gini da muka riƙa karɓa haya muna ɓoyewa a cikin littafin makaranta. Duk sanda aka ambaci irin waɗannan, amsar ita ce ina za mu samu na'urar yin aljani da birnin tsafi? To na'urar ga ta a Kakuri, a kan teburin da Umma take yanka kuɓewa a da. Saura wanda zai zauna shekara biyu ya koyi yadda ake zana fuka-fuki su kaɗa kamar na gaske.

Kuma ina da yaƙinin masu koyon suna nan, sai dai ba a lokeshin suke ba. Suna gidajen gem na Narayi da Nasarawa da Unguwar Romi, yaran da iyaye ke kora da bulala. Idonsu ya riga ya saba da haske mai kyau da motsi mai kyau, in hoto ya yi ƙarya nan take suke ganewa. Wani yaro ɗan aji biyar na sakandare a layinmu, rana ɗaya Yaya ya nuna masa Blender, kafin magariba ya zana tulu har da inuwarsa. Irin waɗannan ya kamata Makarantar Koyon Aikin Fim ta Jos da sassan koyon aikin jarida na manyan makarantunmu su nema. Tun da a Janairun 2024 aka naɗa Ali Nuhu, ɗan cikin gida, shugaban Hukumar Finafinai ta Nijeriya, ai kukan bai yi nisa da kunnen da zai ji shi ba.

Ga furodusoshi kuma, ba na ce kowa ya je ya sayar da fili ba. Ba kowane manomi ke da tarakta ba, haya ake yi. Ku nemi editocin da suka zuba jarinsu a irin wannan, ku biya su haƙƙinsu a kan kari, ku ba su lokaci. Kafin nan kuma, ku sa kuɗi a makirfo da fitila da marubuci, ku ɗauki mutum ɗaya wanda aikinsa kawai ya duba bayan ɗan wasa kafin a ce “akshin”. Waɗannan duka ba su kai kuɗin katin hoto ba.

A gidanmu dai har yanzu ba a yanke hukunci ba. A makon farko Yaya ya gama bidiyon biki uku da suka daɗe a hannunsa, ya kuma samu alkawarin wani fim mai kashi goma sha uku, sai dai alkawari ne, ba a ba da kafin alƙalami ba. Ya kafa doka: ba gem sai daren Juma'a. Umma tana da wani ɗan littafi da take sa ƙanwarmu ta rubuta duk abin da ya shigo da wanda ya fita, har kuɗin kati na mita, kuma ta ce bayan babbar sallah za ta buɗe shi a gaban kowa. Mutanen Rigasa sun ce sun ƙara wata shida. An sayar da fili an sayi doki, yanzu dokin ne zai nemo wani filin, in ya kasa kuwa ba aure kaɗai zai sha ruwa ba, har da bakin duk wani yaro a unguwar nan da zai ce wa iyayensa sana'ar fim yake so. Mai karatu ya taya mu da addu'a. Allah ya ba da wuta, ya ba da kasuwa, ya kuma ba 'yan fim ɗinmu haƙurin yin aiki mai kyau, amin.